Fulawar Kofur Tanko Ta Je Madina

Tun da muka dawo daga Saudiyya ban samu sakat ba. Duk wadda ta zo yi mini barka da sauka, kafin ta gama tauna dabinon da na miƙa mata sai ta matso ta rage murya: "Hajiya Rabi, wai da gaske ne an kama Baba a Madina?" A ɗakin malamai na makarantarmu kuwa labarin har ya yi ƙafa da hannu. Wasu sun ce da goro aka kama shi, wata ma ta rantse ta ji an ce aure ya je nema. Na gaji da maimaitawa. Ga yadda aka yi, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Mahaifina, Saja Ilu, tsohon soja ne, cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma. Ya kusa tamanin, amma har yau idan ya tashi daga tabarma sai ya buga ƙafa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. A takardun tafiya shi ne muharramina, wai shi zai kula da ni. A zahiri ni na yi kiwonsa tun daga Funtuwa har muka dawo.

Duk shekara idan Janairu ta kama, ƙungiyar tsofaffin sojojin garinmu kan raba wa 'ya'yanta wata jar fulawa ta takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya. Ka jefa abin da ya sawwaƙa a gwangwani, a maƙala maka ita a ƙirji, a sara maka. Ana yi ne don tunawa da waɗanda suka mutu a fagen fama, kuɗin kuma a taimaki waɗanda suka rage. A bana kasuwa ba ta yi ba. Baba ya zaga tasha da sakatariya da ƙofar banki, kwalin fulawarsa da ƙyar ya ragu. Ga shi kuma an riga an yanke cewa abin da ya fito daga kwalin Baba na aikin idon Kofur Tanko ne.

Kofur Tanko shi ne ya goya Baba ya haye kogi da shi a Boma, lokacin da harsashi ya same shi a cinya. Da ba don shi ba, da babu ni. Yanzu yanar ido ta rufe wa Kofur ido biyu, likita kuma ya ce a hanzarta kafin abin ya wuce gyara.

Ranar da za mu tashi, matarsa ta jawo shi har zaurenmu. Ya lalubi ƙirjin Baba, ya ciro wata tsohuwar fulawa ta ƙyalle da yake ajiye da ita tun suna cikin kaki, ya maƙala masa.

"Saja, ga tawa nan ja wur," in ji shi. "Ka kai ta ta ga Madina, tunda ni ban gani ba. Ka gaishe mini da Manzon Allah. Amma fa aro na ba ka."

Muka dubi juna da matarsa. Fulawar nan ta koɗe ta koma kalar shayin da ba madara.

A sansanin alhazai na Kano muka yi zaman jiran jirgi har na haddace fuskar duk mai sayar da ruwa. Kullum a ce gobe. Baba bai yarda da zaman banza ba, sai ya naɗa kansa mai gyaran layi. Layin abinci, layin allura, layin banɗaki, duk sai ya bi yana daka tsawa a miƙe. Wani alhajin ƙauye har ya tambaye ni ko shi ne shugaban jirgin. A cikin jirgin ma da ma'aikaciya ta zo ɗaure masa bel, cewa ya yi shi ya taɓa shiga jirgin da ba ƙofa, ta je ta ɗaure yara.

A Jidda na fara gane na ɗauko wa kaina aiki. Jami'in bincike ya buɗe jakar Baba, ya ɗaga ƙullin kuka, ya ɗaga na daddawa ya kawar da kai, ya kwance na yaji ya yi atishawa har hularsa ta karkace. Can ƙasa sai ga kwali. Ya buɗe, ga jar fulawa maƙil.

"Baba!" na ce. "Me ya kawo wannan aikin Hajji?"

"Uwata, yi shiru. Inda Musulmin duniya suka taru, a nan za a rasa mai tausayin soja?"

Jami'in ya ɗauki guda ya shinshina, ya murza, ya ɗaga ta a haske. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina. Baba ya ɗauka sha'awa suke, ya zaro fil zai maƙala wa na farkon a ƙirji. Mutumin ya yi baya da sauri, ya tura mana jakar, yana cewa "Yalla, yalla, ya Hajj." Baba ya tafi yana ƙunƙuni, wai mai kaki guda bai san fulawar 'yan uwansa ba.

Daga nan aka loda mu a bas sai Madina. Hanya ce mai santsi kamar an goge ta da man shanu, ba rami, ba shingen 'yan sanda masu cewa a sauko a gaisa. Sanyin motar ne ya kusa hallaka mu. Direban ya ƙure na'ura, duk wanda ya yi magana sai ya ce "Mafi mushkila," wato ba matsala, alhali haƙoranmu na kaɗawa. Aka raba mana abinci a kwali: gurasa, da wani cuku mai gishiri, da zaitun. Baba ya jefa zaitun a baki yana zaton ɗinya ce. Yadda fuskarsa ta yi, ban taɓa ganin ta haka ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Masaukinmu yana bakin Harra ta Gabas, unguwa ce ta tsofaffin gidaje a matse, kan baƙin dutse. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Hausa. Ka shiga lungu ka ji ana "ina kwana", amma kafin a kai ƙarshen gaisuwa an zarce Larabci. A nan muka san Hajja Sa'adiyya, Bahausar Sudan, wadda ta fi shekara talatin a Madina tana tuƙa wa alhazai tuwo. Ƙatuwar mace ce mai murya kamar lasifika. Ita ta ceci cikin Baba da miyar kuka. Sai dai fa wurin Hajja ba a aro. A gida in kana son buta ka leƙa maƙwabta. A nan buta haya, bargo haya, risho haya, har keken tura tsofaffi zuwa Harami.

"Ya binti, nan Madina ce," ta ce da ni da na yi ƙorafi. "Kullu shai ijar. Ni kaina gidan da nake ciki haya ne, duniyar ma haya ce."

Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba ranar da na fara ganin koriyar ƙubbar masallacin Manzon Allah. Kuka na yi, ba kunya. Baba ya shiga ta ƙofar maza, ya daɗe, ya fito idonsa jajir, ya ce ya isar da gaisuwar Kofur. Da aka kai mu ziyara Uhudu kuwa, kowa ya ɗaga hannu yana addu'a ga shahidai, shi ma ya yi, sannan ya haɗe ƙafafu ya sara musu. Wani askar mai gadin wurin ya taso zai yi magana, ya dubi tsohon, ya fasa.

Muna da ɗan unguwa a Madina, Dokta Bashir, masanin haɗa magunguna a wani asibiti. A hannunmu ya girma. Ya zo gaishe mu da kwalin dabino, Baba ya nuna masa hajarsa. Dokta ya ɗauki guda ya juya ta, ya dube ni.

"Yaya Rabi, da wannan kuka wuce Jidda?"

"Da ita. Har shinshinawa suka yi."

"Ai dole su shinshina. Kin san hoton wane fure ne? Daga irinsa ake tatsar ƙwayar da ake fille kai a kanta a ƙasar nan."

Sai da na zauna. Baba kuwa cewa ya yi tun kafin a haifi uban Dokta ake saka ta, bai taɓa ganin wanda ta bugar ba.

Da ya ji labarin Kofur, Dokta ya yi alkawarin tara 'yan gida a gidansa da ke Ranuna, kusa da Kuba, ranar Alhamis da rana: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. Ya ce kowa zai saya. Sharaɗi guda, kada Baba ya fitar da kwalin nan waje kafin ranar. Baba ya gyaɗa kai. Na san wannan gyaɗa kan. Shi yake yi wa likita idan an hana shi gishiri.

Washegari na dawo daga Harami da hantsi, na tarar ba Baba, ba kwali. Na zari mayafi na yi wajen Hajja Sa'adiyya, muka bazama. Ba mu sha wahalar nema ba. A bakin wata kasuwa muka hango layi, kuma duk inda aka ga layi ya miƙe sak a ƙasar nan, to Baba na kusa.

Ga shi tsaye, ya rataya murfin kwali a wuya da igiya, ya jera fulawa, gwangwani a hannu. Samarin Larabawa ne reras, fararen riguna, ƙamshin turare kamar an fasa shago. Kowa ya matso sai ya waiga hagu da dama, ya cusa kuɗi, ya fizgi fulawa ya jefa a aljihu, ya yi gaba yana murmushi. Wani har uku ya ɗauka.

"Uwata, zo ki gani!" Baba ya ƙwala mini kira. "Larabawa sun san darajar soja! Wani ma 'yan uwansa uku suka mutu a yaƙi. Illarsu guda, ba sa tsayawa a maƙala musu."

Hajja ta dafe kai. "Ya satir! Yau nawa ga wata?"

Ashe mun faɗo a makon abin nan da ake kira ranar masoya, wadda samari ke bai wa 'yan mata jan fure. Ni a lokacin sama-sama nake jin labarinta. A Saudiyya kuwa an hana. Idan makon ya zo, duk wani jan fure sai ya ɓace daga shaguna. Samarin gari sun rasa inda za su samu, sai ga Allah ya jefo musu tsoho daga Funtuwa da kwali guda.

Kafin Hajja ta gama yi mini bayani layin ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mota ta tsaya. Mutawwa biyu suka fito, wato 'yan hisbar can masu gemu da ɗagaggiyar riga, waɗanda ke kora mutane salla, da askar guda a bayansu. Baba ya ga kaki, ya ƙame ya sara.

Kamun da kuke ta tambaya ke nan. Ba ankwa, ba mari. Wani ɗan ofis aka kai mu, har da shayi. Babbansu dattijo ne mai sanyin magana. Ya dubi Baba, ya dubi fulawa, ya yi wata doguwar magana yana girgiza kai.

"Me ya ce?" in ji Baba.

Hajja ta juyo wajensa. "Ya ce, ya Hajj, da furfurarka, a birnin Manzo, kai ne dillalin soyayya?"

Na zaci Baba zai faɗi. Ya miƙe tsaye, ya ɗage wandonsa har cinya, ni ina "Baba, Baba", ya nuna tabon harsashi. Ya shiga ba da labarin Boma, da kogin, da Kofur, da waɗanda aka binne a dajin da ba wanda zai taɓa zuwa musu ziyara. Hajja na fassarawa, tana ƙara nata gishirin, don na ji ta ambaci kada a kogin, alhali Baba bai ce da kada ba. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya sumbaci Baba a ka. Sannan ya ce kwalin zai zauna a wurinsu har makon ya wuce, doka ce, ba yadda zai yi.

Mu kuwa kwanakinmu na Madina sun ƙare, ranar Juma'a motarmu za ta wuce Makka.

Za mu fita ƙaramin cikinsu ya nuna ƙirjin Baba, inda fulawar Kofur take. Dattijon ya matso ya duba da kyau, ya ce a bar masa, wannan ba ja ba ce.

Muka kama hanyar masauki. Muka zo wuce wani mai shara, sai Baba ya buɗe gwangwanin ya juye masa duk abin da samarin nan suka zuba. Mutumin ya bi mu da kallo baki buɗe.

"Baba! Idon Kofur fa!"

"Ba da sunan mamata aka bayar ba," ya ce. "Ba za a buɗe idon Kofur da kuɗin zance ba."

Wallahi ranar na ji haushin mahaifina, haushin da ban taɓa ji ba.

Ranar Alhamis Dokta ya zo ya ɗauke mu, har da Hajja, don ita ta yi girkin. Gidansa ya cika. Maza a falo, mu mata a ɗakin ciki, labule tsakani. An baje shinkafa da rago a faranti ɗaya kamar tabarma, ga tuwo a gefe saboda masu kewar gida. Labarin kamun ya riga mu isa, ana ta dariya ƙasa-ƙasa. Da aka ci aka sha, Dokta ya yi bayani, ya ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ina leƙe ta labule na ga hannuwa sun shiga aljihu. Na ce alhamdulillahi.

Sai Baba ya kife gwangwaninsa a kan kafet.

"Na gode, 'ya'yana. Amma ba ni da fulawa. In na maƙala maka ka jefa, ka tuna da mazan jiya ne. In na miƙa gwangwani hannu wofi, bara na yi. Soja ba ya bara. Kofur ma in ya ji da kuɗin bara aka yi, cewa zai yi a mayar masa da yanarsa."

Aka yi ta lallashi. Wani farfesa ya kawo hujjoji har da ayoyi. Baba ya naɗe hannu a ƙirji yana kallon silin. Ni kuwa na manta da kunya, na ɗaga murya daga bayan labule.

"Baba, mutumin nan ya goya ka a bayansa. Girmanka ya fi idonsa?"

Baba bai juyo ba. Na san shi. Zai iya komawa Funtuwa da gwangwani wayam, ya zauna kusa da amininsa makaho, su mutu da girmansu.

Sai Hajja Sa'adiyya ta ture ni gefe, ludayi a hannu.

"Ya Hajj! Wai ba ka da fulawa? Wancan na ƙirjinka mene ne, tambarin gidan waya?"

"Ta Kofur ce, Hajiya. Amana ce, ba ta sayarwa."

"Wa ya ce ka sayar? Ijar! Ba da haya! Nan Madina ce. Ka maƙala wa mutum, ya tuna da mamatan, ya biya, ka cire abarka. Halas!"

Baba ya sunkuya ya dubi fulawar. Ya daɗe. Sannan ya tashi, ya buga ƙafa, ya ce, "A yi layi."

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Manyan likitocin da ake jin tsoron shiga ofishinsu, ga su a jere kamar 'yan firamare ranar duba farce. Kowa ya iso, Baba ya maƙala masa, ya ce ya ƙame. Sai ya kira sunan mutum guda cikin waɗanda aka baro a Boma, da garinsu, a yi masa Fatiha. Sannan ya sara, a jefa a gwangwani, ya cire. Farfesan nan ya ƙame tumbi gaba, Baba ya ce ya mayar da shi ciki, ya ce ai iyakarsa ke nan. Da farko dariya ake. Da sunaye suka yi ta fitowa, wane na Gumel, wane na Azare, wane ɗan Argungu da bai kai ashirin ba, sai dariyar ta ɗauke. Wani injiniya ya ji an kira garinsu, ya tsaya hawaye na zuba a kan fulawar.

Da maza suka ƙare aka miƙo mini ita ta labule. Ni na maƙala wa mata, Baba na kiran sunaye daga falo. Hajja ta sara da ludayi. Ita ma ta jefa nata, kuma ban ji ta ce a rage mata ba.

Sauran aikin Hajji ya tafi lafiya, in ban da jifan Shaiɗan da Baba ya so ya shirya wa dabarar yaƙi. Kwalin fulawa kuwa yana can Madina, ban sani ba ko har yau suna jiran mu.

Bayan mun dawo aka yi wa Kofur aiki a Kaduna. Ranar da za a kwance masa bandeji muka tafi da Baba, ya sa babbar rigarsa, fulawa a ƙirji. Aka kwance. Kofur ya yi ta ƙifta ido, ya dubi taga, ya dubi matarsa ya ce ta yi ƙiba. Baba ya ciro fulawar ya sa masa a tafin hannu.

"Ga amanarka, Kofur. Ta ga Madina. Har aiki ta yi."

Kofur ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya bayanta.

"Saja, an musanya maka. Tawa ja ce."

"Ita ce."

"Ni da abata? Ja ce wur!"

"Ita ce, Tanko," Baba ya ce. Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar. "Daɗewa ta yi. Ɗago ka dube ni."

Kofur ya ɗago. Ya daɗe yana kallon furfurar Baba, da ramin kumatunsa, da bakin da saura haƙori kaɗan. Sannan ya maƙala fulawar a rigar asibitin da ke jikinsa, da kansa, ba lalube. Ya ɗaga hannu a hankali ya sara.

Baba ya rama. Ni na fita waje, don likita ya ce kada a yi kuka kusa da mai sabon ido.